Yadda Gwamnatin Amurka Ta Fara Biyan Diyyar Ma'aikatanta

A ƙarni na 19, idan ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya rasa hannu a bakin aiki, ba shi da kotun da zai kai kukansa. Ƙa'idar shari'a da ƙasar ta gada daga Ingila ta hana a yi ƙarar gwamnati sai da yardarta. Abin da ya rage masa shi ne ya roƙi wani ɗan majalisa ya gabatar da ƙudiri na musamman da sunansa, sannan ya zuba ido.

Jamus ta riga ta kafa inshorar haɗarin aiki tun 1884, amma sai a 1908, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, Amurka ta yi dokar diyya mai ɗan faɗi. Ita ma ta tsaya ne ga ayyukan da aka ɗauka masu haɗari, irin su masana'antun makamai, wuraren ƙera jiragen ruwan yaƙi da haƙar mashigin Panama. Akawu bai samu shiga ba, kuma biyan ba ya wuce albashin shekara guda.

Ranar 7 ga Satumba, 1916, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar da ake kira FECA, wadda ta game dukkan ma'aikatan farar hula na tarayya. Babban abin da ta sauya shi ne batun laifi. Ma'aikaci ba ya bukatar ya tabbatar da sakacin kowa. Ya isa ya nuna cewa a bakin aiki ya ji raunin. Gwamnati ta ɗauki nauyin jinyarsa, tare da biyansa kashi biyu cikin uku na albashi.

Gyaran 1949 ya ɗaga wannan zuwa kashi 75 cikin ɗari ga mai iyali, ya kuma yanka wa kowace gaɓa da aka rasa adadin diyyarta. Sai dai a gyaran nan ne aka fayyace cewa wanda dokar ta shafa ba zai yi ƙarar gwamnati a kan raunin ba. A 1974 aka ƙara masa damar zaɓen likitansa, da cikakken albashi har na kwana 45 bayan haɗari.

Wannan musayar ce ke aiki har yau: ma'aikaci ya samu biya ba tare da shari'a ba, amma babu diyyar raɗaɗin da ya sha. In aka ƙi buƙatarsa, a cikin Ma'aikatar Ƙwadago zai ɗaukaka ƙara, domin kotuna ba su da hurumin sake duba hukuncin.