Malamin da ya ƙi ba da shaida a Ciskei

Duk wanda ya yi lakwal a Nijar a shekarun 1970 da 1980 ya san koperan, samarin nan na Faransa da ake turowa su koyar a madadin aikin soja. Akasarinsu sukan cika wa'adinsu su koma gida salin-alin. Pierre-André Albertini, ɗan garin Évreux, shi kuwa Afirka ta Kudu aka tura shi, ya koyar da Faransanci a jami'ar Fort Hare, inda Nelson Mandela da Oliver Tambo suka yi karatu.

A wancan zamani jami'ar tana cikin Ciskei, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa baƙaƙe, ta kuma ba shi ƴancin jeka-na-yi-ka a 1981 ƙarƙashin Lennox Sebe. Ban da Pretoria da sauran yankuna irinsa, ba ƙasar da ta amince da wannan ƴanci.

A watan Oktoba na 1986 aka kama Albertini bisa zargin taimakon ƙungiyar ANC. Abin da hukuma ke so a wurinsa shi ne ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kan ƴan gwagwarmaya, cikinsu har da abokin aikinsa Makhenkesi Stofile, limamin coci kuma malami a jami'ar. Ya ƙi. A watan Maris na 1987 aka yanke masa shekara 4 a gidan kaso, saboda shirun kawai.

Daga nan lamarin ya zama ƙarfen ƙafa ga Faransa. Pretoria ta ce ba ruwanta, ai Ciskei ƙasa ce mai cin gashin kanta, a je a yi magana da Sebe. Zuwa wurin Sebe kuwa amincewa ce da ƙaryar da aka gina mulkin wariya a kanta, kuma a ganina tarkon ke nan tun farko. Shugaba Mitterrand ya ƙi karɓar takardun sabon jakadan Afirka ta Kudu, yayin da jam'iyyar kwaminis ke ta zanga-zanga a biranen Faransa.

A watan Satumba na 1987, a filin jirgin saman Maputo, aka yi musanyar fursunoni: Angola ta saki Wynand du Toit, hafsan sojan Afirka ta Kudu da ta kama a Cabinda, aka saki sojojinta 133 tare da Albertini da Klaas de Jonge, mutumin Holan. Pretoria, wadda ta ce fursunan ba nata ba ne, ita ce ta yi ciniki da shi. Stofile kuwa an ɗaure shi shekara 11, ya kuma zama shugaban gwamnatin lardin Gabashin Cape a 1997.