Labarin Motocin Jeji da Masu Gyaransu a Ƙasar Garwa

Wanda ya hau mota yau a Ngaundere da safe ya sauka Garwa kafin la'asar ba zai gane wahalar da mutanen farko suka sha a wannan hanya ba. Tsakanin garuruwan nan biyu bai kai kilomita 300 ba. Amma sa'ad da 'yan mishan na Amurka suka iso Kamaru a 1923, na Norwe kuma suka biyo su Ngaundere a 1925, yawancin tafiya ta ƙafa ce da doki da 'yan dako. Babbar ƙofar arewa kuwa kogin Binuwai ce. Jiragen ruwa su kan hauro daga bakin teku a Nijeriya, su wuce Lokoja da Yola, su tsaya Garwa, amma sai damina ta yi tsakiya ruwa ya cika, watau wajen wata biyu ko uku a shekara. Gishiri da siminti da durom na fetur ta nan su ke shigowa. Jirgin ƙasa bai iso Ngaundere ba sai a 1974. Saboda haka ko bayan zuwan mota, kadan wani ƙarfe ya karye aka aika Turai a kawo sabo, sai a yi watanni ana jira. Wannan jira shi ne ya koya wa makanikan arewa sana'arsu.

Motar da ke jan ƙafa huɗu 'yar yaƙi ce. A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Willys da Ford na Amurka suka ƙera jif fiye da 600,000, da yaƙi ya ƙare aka yi ta sayar da ragowarsu da araha. Wani Bature mai suna Maurice Wilks, shugaban masu zane na kamfanin Rover a Ingila, yana da guda a gonarsa. Ita ce ya duba ya zana Land Rover, aka nuna ta a Amsterdam a watan Afrilu na 1948. A lokacin baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai aka yi mata jiki da alminiyum, irin ƙarfen nan mara nauyi da a ke zuba tukunya da shi. Shasi kaɗai da gaban mota aka yi da baƙin ƙarfe. Manomin Ingila aka nufa da ita, don ya ja garma ya kai madara kasuwa. Ba wanda ya auna ta da ƙasar Garwa.

Ga kuwa abin da ta tarar. Da rani hanyar jar ƙasa ta kan yi gargada, mota ta yi ta kakkarwa har noti ya kwance da kansa. Ƙurar hunturu tana shiga inji tana cinsa kamar yashi a dutsen niƙa. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa ya kan haura digiri 40, lagireto ya tafasa a hawan dutsen da ke gaban Ngaundere. Kogunan da Fulani ke kira mayo, da rani yashi ne zalla mai haɗiye taya, da damina kuma cikin sa'a guda sai su kawo ruwa ya kai ƙirji. Wajen Marwa da Yagwa akwai baƙar ƙasa mai danƙo wadda a ke kira karal, in ta sha ruwa ko jaki ba ya son ta. Shi ya sa hukuma ta kan sa shinge a hanya bayan ruwan sama, a hana manyan motoci wucewa sai ƙasa ta tsane. Likita da malamin makaranta da ma'aikacin auduga da mai bishara duka hanya ɗaya su ke bi, kowa kuma ya san kadan motarsa ta kwanta a jejin Poli ko a duwatsun Mokolo, ba gareji sai bayan tafiyar kwana.

A 1958 aka fito da Land Rover ta biyu, gajera mai inci 88 tsakanin ƙafafu, da doguwa mai inci 109. Doguwar ce ta fi amfani a jeji. Direbobin dā ba su manta da sandunanta ba: mai rawayan kai a danna ta ƙafafun gaba su kama, mai jan kai a jawo ta baya a shiga ƙaramar giya, mota ta riƙa rarrafe kamar kunkuru amma da ƙarfin sa. Matatar iskarta ta baƙin mai ce, ƙura ta faɗa cikin mai ta zauna, sai a zubar a wanke da kananzir a zuba sabo. Ba a sayen kome. A ƙasar da saƙo ke yin watanni, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Amma tana da ciwonta, kowane makaniki kuwa ya san shi. Sandar ƙarfe da ke juya tayar baya ba ta da kauri. In mota ta kafe a laka da kaya a bayanta, direba ya taka mai ya saki kuloci da ƙarfi, sai a ji ƙas, ta karye. To, a nan dabara ta ke. A kan zare guntayen, a kwance dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji baya, a danna sanda mai rawayan kai, mota ta dawo gida da ƙafafun gaba kaɗai, a hankali. Direba mai hankali ba ya fita sai da sanda guda a ƙarƙashin kujera. Kamfanin kansa ya ga abin, da aka fito da mota ta uku a 1971 aka sa wa doguwar wani aksul mai kauri da a ke kira Salisbury, masu tsofaffin motoci suka riƙa nemansa suna ɗaurawa.

Sauran gyaran ƙasa ce ta koyar da shi. Kafin a shiga yashin mayo a kan rage iskar taya don ta baje, a haye, sa'an nan yaron mota ya ɗauki famfo ya yi ta bugu a rana. Kafin a shiga ruwa a kan toshe ƙofar da ke ƙarƙashin kuloci, a sassauta fambel domin kada fanka ta watsa wa fulogi ruwa. An ƙara rufi na biyu bisa na fari da 'yar tazara a tsakani, iska na wucewa, kan mutum ba ya dahuwa. An yi wa jarka mai lita 20 mazauni a gefe, an ɗora tayar safiya a kan bonet, an liƙa faranti a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. Wasu sun sa na'urar ja mai igiya a gaba, ko da ya ke a karal sau da yawa ba itacen da za a ɗaura wa igiyar, sai a koma ga shebur da rassa da kafaɗun mutanen ƙauye.

Akwai gyara guda wanda ni dai ban yarda da shi ba, shi ne ƙara ganyen safirin. Mai mota ya ga tana durƙusawa da kaya, sai ya ce a ƙara mata ganye biyu ko uku. Ta miƙe kuwa, ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Amma safirin da ba ya lanƙwasa ba ya shanye bugun gargada, bugun sai ya wuce kai tsaye cikin shasi. Shasin nan kuwa kamar akwati ya ke, laka ta kan shiga ciki ta kwana, tsatsa tana ci daga ciki alhali jikin alminiyum yana walƙiya a waje. Ranar da zai tsage ba ya sallama, birki kuma ba a ƙara masa kome ba. Mara lafiya da aka kwantar a bayan irin wannan mota daga ƙauye zuwa asibiti shi ne ke biyan bashin, gama kowane rami sai ya ji shi a ƙashinsa. Makanikin kirki ya kan fara ƙwanƙwasa shasi da guduma tun daga gaba har baya kafin ya taɓa inji. Inda ya ji sauti ya mutu, nan zai yanke ya yi walda da sabon ƙarfe.

Daga baya motocin Japan suka karɓe jeji. Toyota ta fito da Land Cruiser mai lamba 40 a 1960, mai lamba 70 a 1984, injinsu ya fi girma, ƙafafunsu sun fi kauri. A 1987 maƙwabtanmu na Cadi suka kori tankokin Libiya daga Fada da Wadi Dum da a-kori-kura na Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan motar. A 1990 aka fito da injin gas da a ke kira 1HZ, mai silinda shida, wanda makaniki ke iya kwancewa a gindin itace da sifana. Har wa yau masu shiga jeji suna nemansa.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Kayan gyaran da ke zuwa daga Turai suka yi tsada ƙwarai, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin asibitoci da ikkilisiyoyi. Sai aka koma kan tsofaffi, a haɗa biyu a tayar da guda, a cire injin fetur a dasa na gas. Kayan gyara suka riƙa shigowa ta kan iyakar Nijeriya, na kirki da na jabu a kwali iri ɗaya, sai wanda ya san nauyin ƙarfe a hannunsa ke rarrabe su. Kamfanin Land Rover ya daina ƙera irin tsohuwar motar a Solihull a watan Janairu na 2016, bayan shekara 67 da 'yan watanni.