Daga Kiyashi Zuwa Ɗigon Jini: Tarihin Awon Sukari a Jikin Yara

A Saji da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, uwa ce ke fara gane cewa akwai matsala. Yaron da ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi, ƙishirwa ba ta sakinsa, yana ci yana ramewa. Wata rana kuma ta tarar kiyashi ya yi dandazo a inda ya tsuguna a bayan ɗaki. Wannan kiyashin shi ne ma'aunin sukari mafi tsufa da ɗan Adam ya sani. Likitocin Indiya na zamanin da, irin su Sushruta, sun lura da haka, har suka kira cutar fitsarin zuma.

Turawa sun daɗe kafin su wuce nan. A 1674 Thomas Willis na Ingila ya bayyana zaƙin fitsarin masu cutar, sai a 1776 Matthew Dobson ya ƙafar da shi a kan wuta, ya ga abin da ya rage sukari ne. Amma sanin bai ceci kowa ba. Yaron da jikinsa ya daina samar da insulin da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, ya rayu. Daga ranar awo ya zama batun rai da mutuwa, domin kowace allura tana buƙatar a san adadinta. In ta gaza, sukari ya hau. In ta zarce, ya faɗi yaro ya suma. Iyaye suka koyi gwajin Stanley Benedict: a ɗiga fitsari cikin wani ruwa shuɗi, a tafasa, a duba ko ya koma kore, rawaya ko ja kamar jan bulo.

A nan gizo yake saƙar. Ƙoda ba ta sakin sukari cikin fitsari sai ya haura kimanin 180 a jini, kuma fitsarin da aka gwada labarin sa'o'in baya yake bayarwa. Idan ruwan ya tsaya a shuɗinsa, ko dai yaron lafiya lau yake, ko kuwa yana dab da faɗuwa, gwajin ba zai bambance ba. Shekaru kusan hamsin yara suka yi a cikin wannan duhu.

A 1965 kamfanin Ames na Amurka ya fito da Dextrostix, tsinken da ake ɗora wa ɗigon jini. A 1970 na'urar da Anton Clemens ya ƙera don karanta tsinken ta shiga kasuwa, nauyinta ya haura kilo ɗaya, kuma likitoci aka yi wa ita. Sai a shekarun 1980 ƙananan na'urori suka shiga gidaje. Hujjar amfaninsu ta zo a 1993, daga wani bincike kan mutum 1,441 a Amurka da Kanada, ciki har da matasa 195. Waɗanda suka riƙa awo sau da dama a rana suna daidaita allura sun rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari, amma mummunar faɗuwar sukari ta ninka musu kusan sau uku. Daga 1999 kuma aka samu na'urar da ake maƙalawa a fata, tana awo dare da rana.

A ganina, magidancin Saji ba na'urar ce ke kayar da shi ba, sau ɗaya ake sayenta. Tsinken ne. Awo huɗu a rana, wanda shi ne mafi ƙaranci ga mai allura, tsinke 120 ke nan a wata, kuma zafin bazara da laimar damina suna lalata shi idan aka bar kwalbar a buɗe. Ko gwajin HbA1c, wanda ya samo asali daga binciken Samuel Rahbar ɗan Iran a 1968, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, yana iya yaudara ga mai sikila, ga shi kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano.

Don haka gidan da ke lallaɓa tsinke yana buƙatar sanin lokacin da ba a rowarsa: idan zazzaɓin cizon sauro ya hana yaro cin abinci, idan ya wuni yana aikin gona ko ƙwallo, idan matashi ya dage sai ya yi azumi kamar sa'anninsa. Haka nan idan ya fara karkarwa da gumi yana sambatu, abin da wasu ke ɗauka bugun iska ne. Ƙasa da 70 a na'ura, sukari ko zuma yake buƙata nan take, muddin yana iya haɗiya. In ya fita hayyacinsa, sai asibiti.