Bori a Bakin Shuɗin Nilu

Bayan yaƙin Burmi a Yulin 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas. Suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar ta ƙasar Sudan, kuma har yau garin sunansa yake amsawa. Da aka gama madatsar Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira suka ƙara jawo Hausawa, har da maniyyata masu tafiyar ƙasa da guzuri ya ƙare musu a hanya. 'Yan ƙasa kan kira su duka Fallata.

Mutanen Mai Wurno don addini suka yi hijira. Sai dai hanyar hajji ba allo da littattafai kaɗai ta ɗauko ba. Babban reshen bikin iskoki na matan Sudan zar bori ake ce masa, kuma masani I. M. Lewis da abokan aikinsa sun tattauna dangantakarsa da borin ƙasar Hausa a littafinsu na 1991.

A ɗakin zar, shaiha ce ke jan ragama. Ana turare, ana buga gangar dalluka, kowace iska da kiɗanta. Matar da ta daɗe a kwance sai ta miƙe, ta ɗora jar dara ta zama Basha, ko ta riƙe sanda, ta kunna sigari, tana takun Bature. Wanda ya taɓa ganin Ɗan Galadima ya hau dokinsa a wasan bori a Maraɗi ba zai ji baƙunta ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, cikin jerin iskokin akwai rukunin Fallata. Baƙon da ke tsinkar auduga a gona ya shiga zuciyar maƙwabtansa har suna sa kamarsa su yi rawa.

Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung na Suwizalan ya ce kowane mutum yana da inuwa, ɓangaren ransa da ya danne, kuma lafiya tana cikin sulhu da ita. Zar ma ba ta korar iska, shiryawa ake yi da ita har ƙarshen rayuwa. Tijani al-Mahi, likitan tabin hankali na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970, ya nazarci zar da gaske a matsayin hanyar jinya.

A Turai kuwa, Jerzy Grotowski ya fara gwajinsa na wasan kwaikwayo a Opole ta Poland a 1959, yana son ɗan wasa ya tuɓe kansa ya wuce iyakar ransa. Takwaransa Peter Brook ya ƙetaro Sahara da 'yan wasansa a 1972, ya ratsa Nijar da Nijeriya. Su fasaha suke nema. Matar Sennar ciwo ne ya kawo ta, kuma masu tafa mata danginta ne da maƙwabta.

Malamai sun daɗe suna sukar zar. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta hana ta, matan suka rage ƙarar ganga suka ci gaba a cikin gidaje.