Kakar 2017 ta ƙungiyar MFM a filin Agege

MFM ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce mallakar cocin Mountain of Fire and Miracles na Fasto Daniel Olukoya. Ta hau babbar gasar Nijeriya a kakar 2016, kuma da ƙyar ta tsallake rijiya da baya a shekarar, saura ƙiris ta koma inda ta fito. Shekara guda bayan haka, ƙarƙashin koci Fidelis Ilechukwu, sai ga ta ta biyu cikin ƙungiyoyi 20, tana bin bayan Plateau United ta Jos. Rabon da wata ƙungiyar Legas ta ɗauki kofin gasar tun Julius Berger a 2000, shi ya sa birnin ya zuba ido.

Asirin wannan kaka yana cikin filin da take wasa. Filin Agege ƙarami ne, mai cin mutum wajen 4,000, ciyawarsa ta roba, 'yan kallo kuma dab da layi, har ɗan wasan baƙi yana jin abin da ake faɗa masa a kunne. Agege unguwa ce ta masu neman na kansu, inda Hausawa suka kafu tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, kuma ko Bahaushen da zuciyarsa ke wajen Kano Pillars ba ya rasa leƙa filin da ke bayan gidansa. A wannan fili ɗan wasan MFM Sikiru Olatunbosun ya zura wa Enugu Rangers ƙwallon da tashar CNN ta zaɓa ta fi kowacce kyau a makon. A nan kuma abokin wasansa Stephen Odey ya yi ta ɗaga raga har FC Zurich ta Suwizalan ta ɗauke shi.

Wasu za su ce ai kowace ƙungiya a Nijeriya zaki ce a gidanta, don alƙalan wasa kan ji tsoron masu gida. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma in haka ne kawai, me ya hana sauran 18 wuce ta? Masu cewa kuɗin coci ne su ma ba su duba da kyau ba, domin matasa ne marasa suna suka yi aikin, suna fafatawa da ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke ɗaukar nauyinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasan waje. A ranar ƙarshe maki ɗaya ne tsakaninta da Plateau, sai El-Kanemi Warriors ta doke ta a Maiduguri, Plateau kuwa ta lallasa Rangers a Jos ta ɗaga kofi. Ciwon ya sake tashi a gasar zakarun Afirka ta 2018: MFM ta ci MC Alger 2-1 a Legas, aka je Aljeriya aka zazzaga mata 6 ba ko ɗaya.