Daga Milan Zuwa Sanremo: Tarihin Hanyar Keke Mai Ratsa Dutse Ta Bi Gaɓar Teku

A arewa maso yammacin ƙasar Italiya akwai wani yanki mai suna Liguriya, siririyar ƙasa wadda duwatsu suka matse daga arewa, Bahar Rum kuma ta tare ta daga kudu. A wurare da dama duwatsun kan gangaro har cikin ruwa, ta yadda hanya ba ta da wurin bi sai an sassaƙa mata gefe a jikin dutse. A kan wannan gaɓa ce ake yin ɗaya daga cikin tsofaffin tseren keke na duniya, wato tseren Milan zuwa Sanremo, mai nisan kusan kilomita 300 a yini guda. Wanda ya ga mahaya na keta hanyar a yau zai zaci don keke aka shimfiɗa ta. Ba haka abin yake ba. Sojoji ne suka fara buɗe ta, jirgin ƙasa ya kawo mata baƙi, wata jarida ta ɗora mata tsere, sannan aka yi ta yi mata gyara duk lokacin da zamani ya sauya.

Tushenta na komawa ga Rumawa. A shekara ta 13 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Augustus ya sa aka gina hanyar da ake kira Via Julia Augusta, wadda ta bi gaɓar ta garuruwan Albenga da Ventimiglia ta shige ƙasar da a yau ake kira Faransa. Manufarsa ita ce runduna da kayan fatauci su riƙa wucewa cikin sauƙi. Bayan rushewar daular, hanyar ta lalace, mutanen gaɓar suka koma dogaro da kwale-kwale da alfadarai na tsawon ƙarnoni. A kan gangaren duwatsun kuwa manoma suka yi ta jera katangun dutse hawa-hawa don riƙe ƙasa, suna dasa zaitun, kuma har yau ta tsakanin waɗannan gonaki ƙananan hanyoyin ke hawa zuwa ƙauyuka. Sai a ƙarni na 19 aka samu hanyar keken doki da ta haɗa garuruwan gaɓar, wadda a yau ake kira Via Aurelia.

Abin da ya sauya fuskar yankin shi ne layin dogo. A 1872 aka kammala layin da ya tashi daga Genoa zuwa Ventimiglia a kan iyakar Faransa, yana bin bakin ruwa. Masu hali daga Ingila da Rasha da Jamus suka fara zuwa Sanremo don gudun tsananin hunturun ƙasashensu, domin duwatsun na kare garin daga iskar arewa. Otal-otal suka tashi, noman furanni ya bunƙasa. A wannan gari ne Alfred Nobel, wanda ake ba da shahararriyar kyautar nan da sunansa, ya rasu a 1896. Garin da ke rayuwa da baƙi kuwa kullum yana neman abin da zai sa a ambaci sunansa.

A 1906 aka gwada tseren motoci daga Milan zuwa Sanremo, amma bai yi armashi ba. Sai masu sha'awar wasanni na garin suka kai shawara ga jaridar La Gazzetta dello Sport ta Milan, wadda Eugenio Costamagna ke jagoranta, cewa a gwada da keke. Jaridun wancan zamani su ne ke shirya tsere, saboda labarin tsere na sa a sayi jarida. Ranar 14 ga Afrilun 1907, mahaya 33 suka tashi daga Milan cikin ruwan sama da sanyi. Hanya ba kwalta, kekuna masu nauyi, ba giyar da za a sauya a kan hawa, kuma in taya ta fashe mahayi ne zai yi wa kansa gyara. Mutum 14 kacal suka kai ƙarshe. Bafaranshe Lucien Petit-Breton ya zo na ɗaya bayan awa 11 da 'yan mintoci a kan sirdi.

Tun daga wannan rana tsarin hanyar ya zauna a kan kashi uku. Da farko akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ta kudancin Milan, inda hazo da sanyi kan yi wa mahaya rakiya. Daga nan sai hawan Turchino, mashigar dutse mai tsayin mita 532, wadda ke da ɗan rami a ƙololuwarta. Da mahayi ya fito daga ramin sai gangara zuwa teku a yammacin Genoa. Kashi na uku shi ne doguwar tafiya a gaɓa, teku a hagu, dutse a dama, inda ake haye wasu tuddai uku da suka kutsa cikin ruwa: Capo Mele, Capo Cervo da Capo Berta.

A shekarun farko Turchino ne ke raba gardama, kuma babu shekarar da ta nuna haka kamar 1910. Mahaya 63 suka tashi, dusar ƙanƙara ta rufe mashigar. Da yawa suka sauka suna tura kekunansu, wasu suka fake a gidajen mutane ba su sake fitowa ba. Bafaranshe Eugène Christophe ya sandare da sanyi a kan gangara, aka shigar da shi wani gida aka lulluɓe shi, aka ba shi abu mai zafi da busassun tufafi. Da ya ɗan farfaɗo sai ya koma kan kekensa, ya isa Sanremo da tazarar awa guda tsakaninsa da na biyu. Mutum huɗu kawai aka lissafa sun kammala tseren, shi kuma Christophe ya yi kusan wata guda a asibiti.

Tun daga shekarar ƙarshe ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, Costante Girardengo ya mamaye hanyar, ya ci sau shida tsakanin 1918 da 1928. Amma tseren da Italiyawa suka fi riƙewa a zuciya shi ne na 19 ga Maris 1946. An yi shekara biyu ba a yi tseren ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasa ta ragargaje, hanyoyi duk ramuka. Fausto Coppi, wanda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a 1943 ya yi zaman fursunan yaƙi, ya fita tun da wuri tare da wasu 'yan mahaya, ya zubar da su ɗaya bayan ɗaya, ya bar na ƙarshensu, Lucien Teisseire, a hawan Turchino. Ya yi kusan kilomita 150 shi kaɗai, ya isa da tazarar minti 14. Ana ba da labarin cewa gidan rediyo sai da ya sa kiɗa kafin na biyu ya iso. Ga mutanen da suka fito daga baƙin ciki, wannan nasara ta zama alamar cewa ƙasarsu na iya sake miƙewa.

Sai dai ci gaban da ya biyo baya ya kusa kashe daɗin tseren. Aka malala kwalta, kekuna suka yi sauƙi, aka samu giya iri-iri, ƙungiyoyi suka koyi aiki tare wajen kamo duk wanda ya ɓalle. Turchino ya yi nisa da ƙarshe, don haka ko wani ya tsere a can, ana cim masa a gaɓa. Tsere ya koma hannun masu gudun ƙarshe, irin su Miguel Poblet na Sifen wanda ya ci a 1957 da 1959. Italiyawa kuwa tun bayan 1953 ba su sake ɗanɗana nasara ba. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1960 mai shirya tseren, Vincenzo Torriani, ya karkatar da hanya daga gaɓa ta haura wani tudu da ke bakin Sanremo mai suna Poggio.

Poggio ba wani babban dutse ba ne. Tsawon hawan bai kai kilomita huɗu ba, kuma bai da tsananin tsayuwa. Ƙarfinsa yana cikin inda aka ajiye shi: mahayi na isa gindinsa ne bayan ya yi kusan awa shida yana taka feda, kuma daga kansa zuwa ƙarshe bai wuce kilomita biyar da rabi ba. Gangarar kuwa kwana ce bayan kwana, tsakanin katangu da rumfunan gilashi na masu noman furanni, inda sakan ɗaya na jan birki ke iya raba mutum da nasara. Wani Bafaranshe, René Privat, ya ci a shekarar farko, Italiyawa kuma sai a 1970 Michele Dancelli ya share musu hawaye. Wanda ya fi kowa sanin sirrin wannan tudu shi ne Eddy Merckx na Beljiyam, wanda ya ci sau bakwai tsakanin 1966 da 1976, kuma har yau ba wanda ya kamo shi. A 1982 aka ƙara wani hawan kafin Poggio, wato Cipressa, mai tsawon kilomita biyar da ɗoriya ta cikin gonakin zaitun, don a ƙara gajiyar da masu gudun ƙarshe.

Duk da waɗannan gyare-gyare, yanayi bai daina nuna ikonsa ba. A 2013 dusar ƙanƙara ta sake rufe Turchino, aka tsayar da tsere aka kwashe mahaya a bas zuwa gaɓa. Wanda ya ci ranar, Bajamushe Gerald Ciolek, yana hawa ne a ƙungiyar MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu. A 2020 annobar korona ta sa aka ɗage tseren zuwa Agusta, aka kuma bi ta cikin ƙasa maimakon wani sashe mai yawa na gaɓar. Mata sun yi nasu tseren daga 1999 zuwa 2005, aka dawo da shi a 2025 daga Genoa zuwa Sanremo, inda Lorena Wiebes ta ƙasar Holan ta zo ta ɗaya.

Babi mafi amfani ga talaka kuwa ya zo ne daga layin dogon nan na 1872. A 2001 aka mayar da sashen layin da ke kusa da Sanremo cikin ramuka a ƙarƙashin duwatsu, tsohon layin bakin ruwa ya zama kufai. Maimakon a bar shi ciyawa ta cinye, ko a yanka shi filaye, sai aka cire ƙarafunan aka shimfiɗa hanyar keke da ta masu tafiya a ƙasa, mai tsawon kusan kilomita 24 daga San Lorenzo al Mare zuwa Ospedaletti. Da yake jirgi ba ya son hawa, hanyar a shimfiɗe take, yara da tsofaffi na bin ta ba fargabar mota, tana ratsa tsofaffin ramukan jirgi da tashoshinsa. A 2015 babban tseren zagaye Italiya, Giro d'Italia, ya buɗe da zangonsa na farko a kanta.

Tseren da Petit-Breton ya yi da gudun kilomita 26 a awa, a 2024 an yi shi da sama da kilomita 46 a awa, amma har yanzu ana isa gindin Poggio ba a san wanda zai ci ba. Wannan ya samu ne saboda mutanen wurin sun riƙe abin da suka gada, suna gyara shi daidai da bukatar kowane zamani ba tare da sun rushe shi ba. Shi ya sa gaɓar Liguriya ta zama wurin da gwanin duniya da ɗan koyo duk ke da hanyar da za su hau keke.