Ciwon gwiwar hannu a wasan golf na cikin ɗaki: musabbabi, alamomi da magani

Ciwon gwiwar hannu yana daga cikin raunukan da suka fi addabar masu buga golf, wasan da wasu kafofin labarai ke kira ƙwallon lambu. Masu koyar da wasan da likitocin wasanni sun daɗe suna danganta shi da yawan atisaye a kan shimfiɗar ciyawar roba, irin wadda ake ɗorawa a kan daɓen siminti a ɗakunan atisaye. Ciwon yakan fara a hankali, amma yakan kai mutum ga kasa ɗaukar buta ko murɗa makulli, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya tafi. Tushensa ɗaya ne: an ɗora wa jijiya aiki fiye da yadda za ta iya gyara kanta tsakanin wannan bugu da wancan.

Yadda wasan ya koma cikin ɗaki

Asalin golf wasa ne na fili mai faɗi, mai ramuka 18, wanda kewaya shi kan ɗauki kimanin awa huɗu. Tsadar fili a manyan birane da tsananin hunturu a wasu ƙasashe suka sa aka ƙirƙiro hanyar buga shi a cikin gini. Ɗan wasa yakan tsaya a kan shimfiɗa, ya bugi ƙwallo zuwa wani babban allo, na'ura ta auna gudun ƙwallon da inda ta nufa, sannan kwamfuta ta nuna inda za ta faɗi a filin da aka zana.

Koriya ta Kudu ce kan gaba a wannan harka. Kamfanin Golfzon, wanda aka kafa a can a shekarar 2000, ya baza dubban irin waɗannan ɗakuna a biranen ƙasar. A Amurka, alƙaluman Gidauniyar Golf ta Ƙasa sun nuna cewa a 2022 masu buga wasan a wajen fili na asali sun zarce masu shiga fili yawa. A watan Janairun 2025 aka fara gasar TGL a jihar Florida, wadda Tiger Woods da Rory McIlroy ke cikin waɗanda suka assasa ta. Abin lura shi ne ko a wannan gasa ta cikin gini, a kan ciyawa ta gaske da yashi na gaske ƙwararrun ke yin dogon bugu. Ɗan koyo da ya biya kuɗin awa ɗaya, ko wanda ya sayi shimfiɗa ya ajiye a garejin gidansa, roba da siminti ne a ƙarƙashin sandarsa.

Abin da ke faruwa a gwiwar hannu

A ƙarshen ƙashin damtse, daidai gwiwar hannu, akwai ƙulli biyu na ƙashi, ɗaya ta ciki wajen jiki, ɗaya ta waje. Tsokokin da ke motsa wuyan hannu da yatsu suna kwance ne a sangalin hannu, kuma jijiyoyi masu tauri ne suka ɗaure su a jikin waɗannan ƙulle-ƙulle. Tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da damƙe abu suna ɗaure a ƙullin ciki. Waɗanda ke ɗaga wuyan hannu sama suna ɗaure a na waje.

Idan jijiyar ciki ta samu rauni, shi ake yi wa laƙabi da ciwon gwiwar ɗan golf. Idan ta waje ce, sai a ce ciwon gwiwar ɗan tanis, sunan da ya samo asali daga rubutun likita Henry Morris na Ingila a 1882. Likitoci na kiran su duka efikondilaitis. Sunayen suna da ruɗarwa, domin a tsakanin masu buga golf don nishaɗi, ciwon waje ya fi na ciki yawa. Ga mai bugu da dama, ciwon waje ya fi kama hannun hagu, wanda ke jagorantar sanda, na ciki kuma ya fi kama hannun dama, wanda ke tura ta.

An daɗe ana ɗaukar ciwon a matsayin kumburi. A 1979, likitan ƙashi ɗan Amurka Robert Nirschl da abokin aikinsa suka bayyana abin da suka gani a jijiyoyin waɗanda aka yi wa tiyata: zaren jijiyar ya hargitse, ya sakwarkwace, ba tare da alamun kumburi sosai ba. Ma'ana, jijiyar tana samun ƙananan yagewa ne a kai a kai, jiki yana ƙoƙarin ɗinke su, amma ana sake yaga su kafin ɗinkin ya kama. Jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa warkewarta ke da jinkiri.

Dalilin da ya sa shimfiɗa ke ƙara matsalar

Dalili na farko shi ne taurin ƙasa. Bugu mai kyau da sandar ƙarfe daga sama yake saukowa: kan sandar ya taɓa ƙwallo, sannan ya yanki ɗan ɓangaren ciyawa da ƙasa ya wuce. Wannan yanka shi ke shanye wani kaso na ƙarfin bugun. A kan shimfiɗa babu abin yanka. Kan sandar yakan daki roba, robar ta daki siminti, girgizar ta biyo sanda zuwa wuyan hannu da gwiwa, a daidai lokacin da tsokoki suka ɗaure tamau. Matsakaicin ɗan wasa namiji yana kaɗa sandar dogon bugu da gudun kusan kilomita 150 a awa, kuma ko da sandar ƙarfe ba ta kai haka ba, tsayawar bazata a irin wannan gudu nauyi ce babba a kan jijiya.

Na biyu, shimfiɗa tana ɓoye kuskure. A fili, idan sanda ta riga taɓa ƙasa kafin ƙwallo, takan nutse, ƙwallon ta tafi ɗan taƙi, mai bugun ya gane ya yi kuskure. A kan roba kuwa sandar takan zame ta sami ƙwallon, bugun ya fito kamar lafiya lau, allo ya nuna sakamako mai daɗin gani. Haka mutum zai yi ta maimaita bugun da ke cutar da shi, babu abin da zai ankarar da shi.

Na uku shi ne yawa da sauri. A cikakken zagaye na fili, ɗan koyo ba ya wuce cikakken bugu hamsin zuwa sittin a cikin awa huɗu, kuma akwai tafiya da jira a tsakaninsu. A cikin ɗaki, inda ake biyan kuɗi da awa ko da kwandon ƙwallaye, mutum na iya yin bugu ɗari a awa ɗaya daga wuri guda. Idan tsoka ta gaji, damƙar sanda takan ƙara tsauri, nauyin ya koma kan jijiya.

Ba roba kaɗai ke jawo wannan ba. Duk abin da zai tsayar da sanda ba zato yana iya yin illar. A 2013 Tiger Woods ya yi fama da rauni a gwiwar hannunsa ta hagu lokacin gasar US Open a filin Merion, inda ciyawar gefe take da kauri, har ya tafi hutun jinya bayanta. A filayen arewacin Najeriya kuma, ƙasar da ta bushe ta ƙeƙashe da rani tana mayar da bugu kusan yadda siminti ke yi.

Alamomi

Alama ta farko ita ce zafi idan an danna ƙullin ƙashin, ta ciki ko ta waje, wani lokaci ya gangaro sangalin hannu. Zafin yakan ƙaru wajen musabaha, matse wanki, buɗe murfin kwalba ko ɗaukar jarka. Damƙa takan yi rauni, gwiwar kuma ta yi tsami da safe. Galibi likita yana gane ciwon ta hanyar tambaya da gwajin hannu, ba sai an yi hoto ba.

Akwai alamomin da ke buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna sagewa ko suna zirr, mai yiwuwa jijiyar saƙo da ke bi ta bayan ƙullin ciki ce ta matsu. Idan zafin a tafin hannu yake, ta ɓangaren ƙaramin yatsa, bayan sanda ta daki ƙasa da ƙarfi, yana iya zama karayar wani ɗan ƙashi mai kama da ƙugiya, wadda aka san ta a tsakanin 'yan golf kuma hoton ƙashi na yau da kullum kan rasa ta. Haka nan idan gwiwar ta kumbura, ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ta ƙi miƙewa.

Magani

Ciwon waje, wanda aka fi nazari a kansa, yakan ɗauki tsakanin wata shida zuwa shekara biyu, kuma kusan mutum tara cikin goma suna warkewa a cikin shekara guda. Matakin farko shi ne rage aikin da ya jawo shi, ba tare da an ɗaure hannun an daina amfani da shi gaba ɗaya ba. Na biyu shi ne motsa jiki na ƙarfafa jijiya a ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo: a ɗora sangalin hannu a kan tebur, a riƙe abu mara nauyi sosai, a ɗaga shi da taimakon ɗaya hannun, a sauke shi sannu a hankali. Ana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan cikin makonni. Maɗaurin da ake sawa ƙasa da gwiwa kaɗan yana rage wa wasu zafi yayin aiki. Tiyata sai ga ƙalilan da suka shafe watanni da dama ana magani ba sauƙi.

Allurar sitiroyid ita ce maganin da ya fi jan hankali, domin tana kashe zafi cikin kwanaki. Bincike ya nuna abin da ke biyo baya. A wani gwaji da aka yi a Holan da mutum 185, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2002, bayan mako shida kashi 92 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun samu sauƙi, idan aka kwatanta da kashi 47 na masu fisiyo da kashi 32 na waɗanda aka ce su jira kawai. Bayan shekara guda lissafin ya juye: kashi 69 ga masu allura, 91 ga masu fisiyo, 83 ga masu jira. Wani gwajin a Ostireliya, da mujallar JAMA ta wallafa a 2013, ya gano ciwon ya dawo wa kashi 54 na waɗanda aka yi wa allurar, da kashi 12 kawai na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta.

Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa na ɗan lokaci, amma yawan shan su yana illa ga ciki da ƙoda, kuma na shafawa ya fi sauƙin haɗari. Shan su don a ci gaba da bugu yana ƙara yagewar ne kawai. Akwai kuma ciprofloxacin da dangoginsa, waɗanda ake yawan sha a Najeriya don taifot. Tun 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta gargaɗi mai ƙarfi a kansu saboda suna raunana jijiya har ta iya tsinkewa. Mai wannan ciwo ya kamata ya sanar da likita kafin a rubuta masa su.

Kariya

Masu koyarwa suna ba da shawarar a ɗumama jiki kafin a fara, a soma da gajerun bugu, a rage adadin ƙwallaye, a riƙa hutawa a tsakani, a kuma bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin atisaye mai nauyi. Shimfiɗa mai kauri mai laushi a ƙasa ta fi siririya ko wadda ta cinye. Ɗora ƙwallo a kan ɗan gajeren turke yana rage dukan ƙasa. Sanda mai jikin garafait tana rage girgiza fiye da mai jikin ƙarfe, mariƙi mai ɗan kauri kuma yana sassauta damƙa. Wata dabara mai sauƙi ita ce a shimfiɗa ɗan tawul a bayan ƙwallo: idan sanda ta taɓa shi, an riga dukan ƙasa.

Waɗanda ba su taɓa riƙe sandar golf ba

A Najeriya golf wasan tsiraru ne, daga filin Rayfield na Jos, wanda aka kafa a 1913 a zamanin haƙar kuza, zuwa filin IBB na Abuja. Ciwon da ke ɗauke da sunansa kuwa na kowa ne. Wani bincike da aka yi a Finlan, aka wallafa a 2006, ya samu ciwon waje a kashi 1.3 cikin 100 na manya masu shekarun aiki, na ciki kuma a kashi 0.4, ya kuma danganta su da aikin ƙarfi mai maimaituwa, shan taba da ƙiba. Abin da siminti ke yi wa ɗan golf shi turmi ke yi wa mai daka, maƙera ke yi wa maƙeri, dutse ke yi wa mai fasa shi da guduma.

Bambancin yana wajen magani. Ɗan golf na iya ajiye sandarsa wata uku, lebura kuwa in ya huta, gidansa ba abinci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya wannan ciwo a jerin cututtukan da aiki ke jawowa a 2010. A shekarar ce kuma Najeriya ta yi Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, don biyan waɗanda suka ji rauni ko suka kamu da cuta a bakin aiki. Ma'aikacin da ke da rajista yana da haƙƙin neman wannan diyya idan likita ya tabbatar aikinsa ne sanadi. Masu aikin jinga da masu zaman kansu, waɗanda su ne suka fi yawa a sana'o'in guduma da taɓarya, galibi ba su da rajistar, kuma kantin magani na unguwa ne asibitinsu.